Jirgin Ruwan da Bashin Citta Ya Kawo Gidanmu

 

Kalma ɗaya Bahaushe ya ba abubuwa uku, wato jirgi. Na ruwa shi ne na asali, wanda ake fafewa daga gungumen itace. Da Bature ya shimfiɗa dogo sai aka ce jirgin ƙasa, da aka ga wani yana shawagi sai aka ce jirgin sama. To mu a nan kudancin Kaduna abin a juye ya zo mana. Yaron da ya tashi a Kafanchan, in ka ce masa jirgi, tsofaffin taragun da ke tashar reluwe zai tuna. Na sama yakan hango shi yana wucewa. Na ruwan kuwa, wanda shi ne mai sunan, sai dai a fim. Ruwan da muka sani shi ne wanda ke zubowa a Matsirga, da rafukan da kan cika da damina su janye da rani. Kafin ka ga babban jirgin teku sai ka bi dogo sama da kilomita 700 zuwa Fatakwal. Duk da haka wata 14 na yi ina haɗa jirgin teku a ɗakin ajiya da ke bayan shagon mahaifina a Kafanchan, kuma labarinsa nake so in ba ku yau, domin masu leƙowa sun yi yawa, na gaji da amsa tambayar "wai na mene ne?" ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya san gidanmu ya san citta muke ci, citta muke sha. Baba yana saye a hannun manoma ta wajen Kachia da Kwoi da Kubacha, a tsaga, a shanya, a ɗura a buhu, a loda tirela sai Legas, daga can ta shiga kwantena ta tafi ƙasashen waje. Ni tun da na gama sakandare aikina ke nan, riƙe littafi da duba sikeli da ƙirga buhu. Sai daminar 2023 ta zo da cutar nan da kowa ya sani. Ganye ya yi ɗorawa, ka tona ka tarar da saiwar ta ruɓe tana wari. Manoman da Baba ya ba kuɗin taki tun da bazara ba su da abin biya, kuma ba mai ganin laifinsu, don wasunsu ko iri ba su tsira da shi ba. Ɗakin ajiyar da kan cika har rufi ya zama fili, sai ƙamshin citta kawai ya rage a jikin bango.

Ana cikin haka Baba ya tafi Legas bin wani tsohon bashi. Mutumin ya rantse ba shi da kuɗi, amma yana da kayan gwanjo da aka sauke masa daga Turai. Baba ya ce da hanau gara mannau, ya karɓo kwali 11. Tsofaffin takalma ne, da tukwanen lantarki, da littattafan da ba mai saye, da kayan wasan yara. A ƙasan wani kwali muka tarar da wani dogon akwati mai hoton jirgi a bayansa, an rubuta Cutty Sark. Ƙanena ya zaci jirgin ne a ciki a haɗe. Da aka buɗe sai ga siraran katakai ɗauri-ɗauri kamar tsintsiya, da fallayen katako da inji ya riga ya tsaga wa layi, da 'yan ledoji cike da wasu abubuwa kamar ƙwayar dawa da ta wake, da zare baƙi da mai ruwan ƙasa, da manyan takardun zane guda shida. Baba ya duba ya ce, "Wannan ko kyauta ba mai karɓa. A ba yara su hura wuta." Na ce, "Baba, a bar min shi." Ya ce, "Kai ma ai yaron ne."

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya yi motar kara. Ka fere ɓawon karan dawa, ka yanka totuwar, ka soka, ka haɗa roka ko tirela har da kwandasta. Wasu sun ƙware a ta waya, wasu a ta gwangwani, mu nan da Allah ya ba gwangwala mukan fafe cikinta mu yi har da tarago. Da wannan ƙarfin gwiwa na shiga aikin. Amma motar kara kai ne sarkinta, in gefe ɗaya ya fi tsawo sai ka ce haka kamfanin ya yi ta. Wannan kuwa akwai jirgi na gaske da yake kwaikwayo, yana nan a ajiye a Greenwich cikin birnin Landan, kuma an rage shi ne sau 84. Ma'ana, santimita ɗaya a hannuna santimita 84 ce a jikin na gasken. In ka kauce da faɗin tsinken ashana, ka kauce da kusan taƙi guda a can. Gangar jikin na gasken ta kusa mita 65, nawa santimita 77, in ka haɗa da sandar da ta miƙe a goshinsa ya ɗara mita ɗaya kaɗan.

Farkon aikin ba wuya. Akwai dogon falle guda wanda shi ne ƙashin bayan jirgin, sai haƙarƙari da ake sakawa a gicciye, kowanne da lambarsa da gurbinsa. Abin lura kawai kowanne ya tsaya cak, kada ya karkata kafin gam ya bushe. Bayan nan sai a goge gefen haƙarƙarin da samfefa, a kwantar da bakinsu yadda in ka ɗora siririn katako zai kwanta luf a kan kowanne, ba tudu ba kwari. Kwana tara na yi ina wannan gugar. Mahaifiyata ta ce ko amarya ba a yi mata gyaran jiki haka.

Inda gizo ke saƙa shi ne lulluɓe haƙarƙarin da katako. Kowane tsinke faɗinsa milimita 5 ne, kuma miƙaƙƙe ne, alhali jikin jirgi ba inda ya miƙe. Cikinsa ya buɗe kamar ƙwarya, goshinsa ya tsuke kamar bakin wuƙa. In tsinke 20 suka rufe tsakiya, to su 20 ɗin ne za su matsu su shiga goshi, don haka dole a fere kowanne ya sirance ta baki. Nan lissafin shago ya yi min rana. Sai in auna kowane haƙarƙari da tsinken takarda, in raba da yawan katakan, in rubuta a bayan tsohon littafin bashi. Amma fa wanda ya fara mallakar akwatin can Turai ya riga ya buɗe shi, ya ɗebi wasu katakan. Da na ƙirga sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku babu. Ga kuma lanƙwasawa, katakon ya daɗe a ajiye ya bushe ƙayau, da ka tanƙwara sai ka ji ƙas.

Akwai wani dattijo kafinta a layin da ke bayan namu, mutumin Atyap ne, daga wajen Samarun Kataf. Na tashi ina ganinsa, muna gaishe shi Baba, shi kuma yana ce min ɗan Alhaji. Abin da na lura da shi tun ina ƙarami shi ne, tsakaninsa da mahaifina sannu ce da yauwa, ba ƙari. Kuma ko kujera ta karye a gidanmu, wani kafintan ake kira daga nesa. Kakata ce ta taɓa gaya min dalili. Kafin a haife ni, lokacin gidanmu yana cikin garin Zango, wannan mutumin shi ya yi ƙofofin gidan da kantocin rumfar kakana, tare suke cin abinci da Baba. Sai rikicin 1992 ya zo, wanda ya fara a watan Fabrairu a kan maganar mayar da kasuwa sabon wuri, ya dawo da ƙarfi a watan Mayu, aka rasa ɗaruruwan rayuka, garin ya ƙone, wutar ta kai har Kaduna da Zariya. Ƙofofin nan sun ƙone tare da gidan. Baba ya kwashe iyali ya dawo Kafanchan. Bai taɓa cewa mutumin ya yi masa wani abu ba, kakata ma ta ce ba ta ji an ambace shi a cikin masu ɓarna ba. Shi ma ya rasa nasa a ɓangarensu. Kawai dai kowa ya ja bakinsa ya tsuke, shekara talatin da ɗoriya.

Ni ban ga 1992 ba, kuma katako nake nema. Na ɗauki gangar jirgin a buhu na tafi.

Ya juya ta a hannu ya fi minti biyar bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, wa ya goge maka haƙarƙarin nan?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "To zauna." Ya jawo wani guntun maɗaci daga ƙarƙashin tebur, ya ce ragowar wani tsohon benci ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da zarto da abin fere katako na hannu ya riƙa fitar da tsinkaye, yana gwadawa da na akwatin, har sai ka rufe ido ba ka bambance kaurinsu. Maganar lanƙwasawa kuwa dariya ya yi. Ya sa aka tafasa ruwa a tukunya aka jiƙa katakan, ya ɗora guntun bututun ƙarfe a kan gawayi, ya riƙa goga jiƙaƙƙen katakon a jikin bututun a hankali. Tururi na tashi, katako na bin hannunsa kamar ganyen kaba. Ya ce zafi da laima ke sassauta jijiyar itace, in ya huce a lanƙwashe to ya zauna ke nan har abada. Daga ranar kusan kullum bayan la'asar ina wurinsa. Tsinke biyu kawai yake bari a manna a rana, ɗaya dama ɗaya hagu, wai in ka cika gefe guda gam zai ja ƙashin bayan ya karkace. Muka riƙa danne su da fil ɗin tela da maƙalan shanya har su kama.

Baba ya sani. A garin nan ba abin da ke ɓuya. Bai hana ni ba, bai kuma tambaya ba, sai dai in na dawo yakan ce, "An dawo daga teku?"

A wannan zaman ne na riƙa karanta tarihin jirgin a waya ina fassara wa dattijon, kuma a nan abin ya daina zama wasa a wurina, domin na gane jirgin nan ɗan kasuwa ne irinmu. Wani attajiri mai suna John Willis ya sa aka ƙera shi a Dumbarton ta ƙasar Sikotilan, don ɗauko ganyen shayi daga Sin zuwa Landan. A lokacin duk jirgin da ya riga isowa da sabon ganye shi ke cin kasuwa, kamar dai mai fara kawo sabuwar citta. Kamfanin da ya karɓi aikin, Scott da Linton, ya karya farashi don ya samu kwangilar, kuɗi suka ƙare masa kafin a gama, ya durƙushe, wasu suka ƙarasa. Wannan ko a kasuwar Kafanchan mun san irinsa. Aka tura jirgin ruwa ranar 22 ga Nuwamba 1869. Kwana biyar kafin nan, ranar 17 ga wata, aka buɗe mashigin Suwez a Masar. Mashigin ya rage wa jirage masu inji dubban kilomitoci, su kuwa masu tafiya da iska ba ya yi musu, saboda yanayin iskar Bahar Maliya, dole su ci gaba da zagaye Afirka ta ƙasa. Wato an haifi jirgin ne a makon da hanyarsa ta fara mutuwa. Sau takwas kacal ya yi jigilar shayi, na ƙarshe a 1877. Daga nan ya shiga ɗaukar duk abin da ya samu, har gawayin kwal, kafin ya samu kasuwar gashin tumaki daga Ostireliya, inda ya yi suna a hannun kyaftin Richard Woodget, yana zuwa Landan daga Sidni a kwana 73. Da masu inji suka ƙwace wannan ma, aka sayar da shi ga 'yan Fotugal a 1895 suka canza masa suna.

Ku gaya min, wane ɗan Zango ne zai ji wannan bai tuna gida ba? Sunan garinmu kansa ya faɗi aikinsa. Zango ne, wurin da ayari ke sauke kaya, fatake da jakuna da takarkarai daga Kano da Zariya su huta kafin su gangara Keffi da bakin Binuwai. Bature Richard Lander ya ratsa ƙasar nan a 1827, ya rubuta sunanta Cuttup, ya kuma ga kasuwanci na gudana. Shekara ɗari daidai bayan haka, a 1927, dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, reshe ya tafi Jos. Kafanchan da ba kowa ba ta zama mahaɗa, Zango kuwa ayari ya daina zuwa. A wajajen shekarun nan ne kuma noman citta don sayarwa waje ya kankama a ƙasar nan. Kakana ya bar jaki ya koma tarago. Yau kuma tun da na yi wayo ban ga an loda buhun citta ko ɗaya a tarago ba, sai tirela. An ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, a 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, mu dai muna sauraro. A ganina mutanenmu sun fi son a ce siyasa ce kaɗai ta mayar da garuruwanmu baya. Siyasa ta yi nata, ba musu, amma hanya ma in ta kauce wa gari ba ta sallama.

Labarin da dattijon ya fi so shi ne na 1872. Cutty Sark na tsere da wani jirgi mai suna Thermopylae daga Shanghai, yana gaba da nisa, sai guguwa ta cire masa katakon baya da ake juya jirgi da shi, a tsakiyar teku. Maimakon su nemi gaɓa, kafintan jirgin, Henry Henderson, ya ƙera wani daga ragowar katako da ƙarfe, suna ta tangaɗi a kan ruwa, cikin kwana shida. Suka isa Landan mako guda kacal bayan abokin tseren. Sau uku ya sa na maimaita masa. Ya ce, "Ka ga, sunan kafintan bai ɓata ba." Na ce bai ɓata ba, Baba.

Da gangar jiki ta kammala, aka goge, aka shafa baƙin fenti a sama da ruwan tagulla a ƙasa, aka shimfiɗa daɓen katako da 'yan ɗakuna da ƙananan kwale-kwalen ceto, sai na ɗauka an ci ƙarfin aiki. Ashe rabi ke nan. Dattijon da kansa ya ce, "Nawa ya ƙare. Igiya ba aikin kafinta ba ce, ka koma gidanku, ku ne masu ɗaurin kaya."

Jirgin yana da jigo uku, wato dogayen sandunan da ke tsaye, kowanne hawa uku ne an ɗora wani kan wani, da sanduna na gicciye waɗanda ake rataya filafilai, manyan ƙyallayen da iska ke bugawa. Na gasken yana da filafilai 32, faɗinsu ya kusa murabba'in mita 3,000, igiyoyinsa kuwa in an miƙe su sun kai mil 11, kusan kilomita 18. Na raba da 84 na ga zaren da ke jirana ya haura mita 200. Kuma ba wanda aka sa don ado, kowace igiya da aikinta. Iri biyu ne. Baƙaƙen su ne na tsaye, masu riƙe jigo kada ya faɗi, ba a taɓa su in an ɗaure. A jiragen da, kwalta ake shafa musu saboda ruwan gishiri, shi ya sa suke baƙi. Masu ruwan ƙasa su ne na aiki, waɗanda matuƙa ke ja suna saki don ɗaga filafilai ko juya su. Ƙa'idar ita ce ka fara da na tsaye, ka fara daga ciki ka fito waje, daga ƙasa ka hau sama, in ba haka ba za ka zo ɗaura wata igiya ka tarar ka riga ka rufe wa hannunka hanya.

Kawuna tela ne, mai ɗinkin hula da aska. Shi ya fara duba zaren ya ce gashi ya yi masa yawa, zai riƙa kama ƙura. Ya ba ni dunƙulen kakin zuma ya ce in riƙa jan kowane zare a kai sau biyu kafin in ɗaura. Ya kuma gargaɗe ni da abin da ba ya cikin takardun Turawan, wato zaren auduga yana ɗamewa da laima, ya saki in iska ta bushe. Mu kuwa nan damina ce mai ƙarfi, sannan hunturu ya zo ya busar da komai. In ka ja igiya ta yi tauri da hunturu, damina na zuwa za ta ƙara ɗamewa ta tanƙware jigon. Don haka na tsayen duk a cikin damina na ɗaure su, a watan Yuli da Agusta na 2024, in ya so da hunturu su ɗan saki, ba komai.

Igiyoyin da ke riƙe jigo ta gefe suna saukowa ne kamar buɗaɗɗen yatsu, kowace ta ƙare a kan wata 'yar ƙwayar katako mai huda uku, kamar maɓallin riga. A ƙasanta akwai 'yar uwarta a manne da jikin jirgi, sai a zura siririn zare tsakanin hudojin shida, a ja har igiyar ta miƙe. Ƙwayoyin ba su kai ƙwayar masara ba. Da matsefata nake kamawa, bakin zaren kuma in taurara shi da ɗigon gam ya zama allurar kansa. Wahalar ita ce su jeru a layi ɗaya, kada wata ta fi wata tsawo.

Wani dare ina wannan fama da fitilar caji, don wutar ta tafi tun azahar, sai na ji mutum a bayana. Baba ne. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Wannan ai tsarkiyar ganga ce. Ba a jan ɗaya a gama. Ka bi su duka da sassauci, ka dawo ka ƙara, dama da hagu, har su daidaita." Na ce to, Baba. Ya ce, "Ba ni nan." Ya sa tabarau ya zauna a kan buhu. Mutumin da ya ce a hura wuta da shi, sai da ya kai ƙarfe goma sha ɗaya yana jan zare da matsefata.

Sai tsani. A kan igiyoyin gefen nan ake gicciya wasu sirara, hawa-hawa, su ne matakalar da matuƙa ke takawa su hau sama. Kowace mahaɗa ƙulli guda, kuma tazarar hawa da hawa a nawa ba ta kai rabin santimita ba. Na zana layuka a kati na sa a baya ina bi. Takardar ta nuna yadda ake ƙullin da hotuna har huɗu. Baba ya kalla sau ɗaya ya ce, "Ƙullin turke ne, wanda ake ɗaure akuya." Haka ne kuwa, zagaye biyu, bakin ya bi ta ƙarƙashi. Ya ce mahaifinsa da irinsa yake kama igiyar kaya a jikin jaki, shi kuma da shi yake fara ɗaurin tamfol a kan mota. Na daina ƙirga ƙullin da na wuce 1,200. Wata biyu cur tsanin nan ya ci, kuma shi ne wurin da na fi jin daɗi a duk aikin, domin hannu na yi, kai kuma ya huta da lissafin waɗanda muke bi da waɗanda ke bin mu. A waɗannan dararen ne Baba ya ba ni labarin rumfar kakana da ban taɓa ji ba, da yadda ake ɗinke huhun goro, da sunayen unguwannin Zango kafin gobara. Sunan kafintan ma ya fito sau ɗaya, a kan maganar wata ƙofa mai ƙyaure biyu da ya ce ba a sake yin irinta ba.

Filafilan ban rataya su ba. Ƙyallen da ya zo a akwatin ya yi kauri, in ka rage jirgi sau 84 ya kamata ƙyallensa ya fi fatar albasa sirantaka, wannan kuwa kamar an yafa wa jirgi bargo. Ban da haka yana rufe igiyoyin da na sha wuya a kansu. Na gasken ma a Greenwich haka yake tsaye ba filafilai, tun da aka ajiye shi a can a 1954. Gobara ta kama shi a 2007 ana cikin gyara, aka sake buɗe shi ga masu ziyara a 2012. Wani abin da na bari a leda shi ne 'yar mutum-mutumin da ake kafawa a goshin jirgin, siffar wata mayya ce daga wata tsohuwar waƙar mutanen Sikotilan, sanye da guntuwar riga, kuma ma'anar sunan jirgin ke nan a harshensu, guntuwar riga. Kakata ta ce jirgi dai ta yarda ya kwana a gidan, amma ban da wannan.

Na ɗaura igiyar ƙarshe a watan Janairu na 2025. Wani mai otal ya aiko a tambaya ko na sayarwa ne, ya yi tayin da ya kai kuɗin buhun citta a farashin bayan cuta, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne a halin da muke ciki. Na kai maganar gaban Baba, don asali kayan bashinsa ne. Ya ce, "Raba kuɗin da wata 14 ka gaya min nawa ka samu a rana." Na raba na faɗa masa. Ya ce, "Ko ɗan dako bai yarda da wannan ba. A bar shi."

Saura matsalar ƙura. Hunturu na shigowa da ita ta kowace kafa, ga gizo-gizo ya ga wurin saƙa a shirye, ga yara masu son taɓawa. Dole sai akwatin gilashi mai firam ɗin katako. Na ce zan je wurin dattijon in ji nawa zai yi. Baba ya ce, "Kai ba ka iya ciniki ba, zai cuce ka." Ya sa hula ya fita, na bi shi a baya da ma'aunin a takarda.

Dattijon na ganinsa ya ajiye zarto ya ce, "Alhaji, yau kai ne a rumfata?" Baba ya ce, "Kafinta, aiki na kawo, ba zumunci ba." Ya ce, "To zauna mu ji aikin." Aka kawo benci. Dattijon ya faɗi kuɗinsa, Baba ya ce ko ƙofa mai ƙyaure biyu ba ta kai haka ba. Dattijon ya ce lokacin ƙofa mai ƙyaure biyu nawa ake sayar da buhun citta? Baba ya ce albarka. Suka yi ta ja har aka kira magariba, Baba ya tafi masallaci ya dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. A ƙarshe aka daidaita a kan Baba zai sayo gilashin da kansa, maɗacin firam ɗin na dattijon ne, kuɗin hannu kuma rabi yanzu, rabi in sabuwar citta ta shigo. Ni aka sa na rubuta a littafi, a shafin waɗanda ke bin mu.

Jirgin yana nan a shago, a kan kanta ta hannun dama in ka shigo. Mai son gani ya zo bayan la'asar, amma don Allah a riƙe hannun yara, gilashin milimita 3 ne kawai.